Amsa: Wane otal na bakin teku ya dace da iyaye tsofaffi a Zanzibar?

Ɗan'uwa, ka ce za ka kai Baba da Hajiya Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya, sun haura saba'in, kuma ba su saba da tafiya ba. Allah ya saka da alheri.

Fara duba ɓangaren tsibirin kafin ka duba otal. A gabas, wajen Paje da Jambiani, ruwa yakan janye da nisa sau biyu a rana, ya bar duwatsu masu santsi da ƙananan halittu masu ƙaya. Dattijo mai ciwon gwiwa ba zai ji daɗin nan ba. Nungwi ko Kendwa a arewa sun fi, don ruwan ba ya nisa da gaɓa, sai dai tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce daga filin jirgi. Ka sa otal ɗin ya turo mota.

Kada hoto ya ruɗe ka. Rubuta musu ka nemi ɗaki a ƙasa, kusa da wurin cin abinci, banɗaki mai ƙarfen dafawa, ba bahon da sai an ɗaga ƙafa ba. Tambayi matakala nawa ne zuwa rairayi, da nisan asibiti mafi kusa. Wasu otal ɗin a kan tudun dutse suke.

Ku je tsakanin Yuni da Oktoba. Maris zuwa Mayu ruwan sama ne mai yawa. Katin rigakafin cutar shawara dole ne ga mai zuwa daga ƙasar da ake samun cutar, biza kuma a nema da wuri. Magungunansu na hawan jini ko suga su zauna a jakar hannu. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, masallaci ba zai yi wuya ba, amma ka tambayi otal game da naman da suke dafawa.