Sai an daina sukari kwatakwata ne in an koma cin gero da wake?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki: likita ya ce maigida ya rage mai da nama saboda hawan jini, kun koma tuwon dawa, gero, wake da dankali, amma ya ce shi koko ba sukari ba zai shiga bakinsa ba. Kina son sanin ko ki hana shi gaba ɗaya, ko ki musanya masa da zuma ko mazarƙwaila. Nima mai hawan jini nake dafa wa abinci, kuma mun daɗe a kan irin wannan cimar, don haka bari in faɗa miki abin da na gani.

Ki bar masa cokalinsa na koko. Ba shi ne abin tsoro ba. Mutumin da aka raba da soyayyen nama da miya mai iyo da mai, in kika ƙwace masa wannan ɗan zaƙin ma, ba zai yi gardama da ke ba, zai dai riƙa karyawa a teburin mai shayi kafin ya isa wurin aiki. Can kuwa ki tsaya ki kalli yadda ake haɗi: a zuba sukari da babban cokali sau biyu ko uku, a tsiyaya madarar gwangwani, a ƙara Milo ko Bournvita waɗanda su ma da sukarinsu suka zo, sannan a miƙo burodi da bota. Kin hana cokali ɗaya a gida, ya sha biyar a waje.

Akwai ma'auni, ba sai mun yi ta kintace ba. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke samu a yini, in ya yi ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga babban mutum, na farkon kusan giram 50 ne, wato cokalin shayi 12, na biyun giram 25, cokali 6. Cokalin da ake nufi ƙaramin nan ne, kuma a shafe, mai ɗaukar kusan giram 4. Namu na gida da ake ɗebowa da tozo ya kusa ninka haka. To ki lissafa: cokali biyu a koko da safe, ɗaya a fura da rana, har yanzu yana cikin shida. Amma robar Coca-Cola guda mai rabin lita tana ɗauke da sama da giram 50. Ita kaɗai ta cinye babban ma'aunin na yini guda, kuma wanda ya sha ta ba zai rage ko loma ɗaya ta tuwon dare ba, don ruwan zaƙi ba ya ƙosarwa. Gwamnatin Najeriya ma ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a 2022, ko da yake ban ga wanda naira goma ta hana sha ba.

Ba lemon kwalba kaɗai ba. Zoɓon da ake ƙullawa a leda, kunun aya, kunun zaƙi na sayarwa, yogot, duk mai sayarwa ce ta auna miki sukarin, ita kuwa ciniki take nema. Lokacin azumi abin ya fi yawa, ana buɗa baki da kunu, a bi da zoɓo, a rufe da lemo. Ni dokar gidana ke nan: sukarin da ban auna da hannuna ba ba ya zama na kullum. Matsayinsa a wurina kamar na gishiri ne, a barbaɗa don abinci ya ciwu.

Wasu za su ce miki ai tuwo ma sukari yake komawa a ciki, to meye bambanci? Gaskiya ne hatsi yana narkewa ya zama sukari a jini. Sai dai gero da dawa da wake suna tafe da dusa da sauran abubuwan gina jiki, suna narkewa a hankali, suna riƙe ciki. Farin sukari ba ya tafe da komai sai zaƙi, ga cin haƙora. Wasu kuma a ɗaya gefen za su kawo miki labarin Dakta Walter Kempner na Jami'ar Duke a Amurka, wanda tun 1939 ya riƙa ba masu hawan jini da ciwon ƙoda farar shinkafa da 'ya'yan itace da sukari, jinin da yawa daga cikinsu ya sauka. Haka aka yi. Amma abincin nasa kusan babu gishiri ba mai, ana bin marasa lafiyar da awo a kai a kai, a zamanin da babu magungunan hawan jini irin na yau. Rashin gishirin ne babban aikin, sukarin cike gibi ne kawai don kada su rame. Don haka ki fi sa ido a kan gishiri da dunƙulen magi a miyarki fiye da cokalin kokonsa.

Zuma da mazarƙwaila kuwa, kada ki ɓata kuɗinki da sunan magani. A lissafin hukumar nan zuma tana cikin cokali shidan, haka ruwan 'ya'yan itace da aka matse. Mazarƙwaila ruwan rake ne aka dafe. In yana son ɗanɗanonsu ya ci, amma da cokalin nan dai za a auna. Ayaba, gwanda, mangwaro ko lemon zaƙi da aka ci haka nan ba a matse ba ba sa cikin lissafin.

Dabarar da ta yi mini aiki: ba na zuba sukari a cikin tukunya ko fulas. Sai na zuba kokon a kofi, in barbaɗa a sama, kada a juya sosai. Harshe yana fara cin karo da zaƙin, sai rabin abin da aka saba ya isa. Ina ƙara citta da kanumfari a gasara, kuma ba na barin ta yi tsami da yawa, don tsami shi ke kiran sukari. Kunun zaƙi na gida da dankalin Hausa nake niƙa shi. Ragewar kuma a hankali, kada ki sanar, cikin 'yan makonni baki yake sabawa.

Duk wannan ga wanda ba shi da ciwon suga ne. Hawan jini da suga suna yawan tafiya tare, kuma mutum yana iya ɗauke da shi shekaru bai sani ba. Ki lallaɓa shi ya je a auna masa sukarin jini da safe kafin ya ci komai. In awon ya kai 126 a ma'aunin mg/dL, ko 7 a ma'aunin mmol/L, kuma aka maimaita ya sake fitowa haka, to ki ajiye lissafina gefe, likitansa ne zai faɗi nawa zai sha, har da girman malmalar tuwon da za ki sa masa.