Tambaya da Amsa: Layin Dogo a Jikin Bango

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Gusau, kuma na daɗe ina sha'awar in haɗa wa kaina da ɗana ƙaramin jirgin ƙasa mai tafiya da lantarki, irin wanda ake gani a intanet da tasha da gidaje. Sai dai ɗaki ɗaya da falo nake haya, albashin kuma kun san yadda yake. Ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka kashe ko kwabo, ka auna wurin da uwargida za ta yarda ta bar maka, domin wurin ne zai zaɓa maka girman jirgin. Girma biyu aka fi samu. Akwai HO, wanda aka rage jirgin gaskiya sau 87, faɗin layinsa milimita 16.5, akwai kuma N, wanda aka rage sau 160, faɗin layinsa milimita 9 kacal. Idan kana son jirgin HO ya riƙa zagayawa, kwanar kaɗai za ta ci kusan mita guda a faɗi, shi ya sa aka saba shimfiɗa shi a kan faifan katako mai ƙafa 4 da ƙafa 8, wanda zai cinye maka falon gaba ɗaya. N kuwa yana juyawa a cikin kimanin santimita 60.

Ni dai shawarata ita ce ka haƙura da zagaye. Ka sa kafinta ya kafa maka kanta a jikin bango, tsawon mita ɗaya da rabi, faɗin santimita 30, daidai ƙirjinka, inda ƙananan yara ba za su kai hannu ba. Abin kwaikwayo ma yana kusa da kai: layin da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya ƙare ne a Ƙaura Namoda tun 1929, kuma tashar ƙarshen layi ba ta buƙatar kwana, jirgi yana shigowa ne ya ajiye taragai, ya ɗauki wasu, ya koma. Da layi ɗaya da ya rabu gida uku, da kan jirgi guda da taragai takwas, kai da yaron za ku shafe yamma kuna jera taragan bisa tsarin da ɗayanku ya gindaya wa ɗayan.

Kuɗin da ke hannunka ka zuba shi a kan abu uku da ba a ƙera su a gida, wato kan jirgi, da layi, da na'urar sarrafa gudu. Ka nemi layin da aka yi da ƙarfen nikel, domin ya fi na tagulla jure dattin da ke hana wuta wucewa, kuma ka tsaya a kan tsarin DC mai bolt 12, wato sarrafa gudun jirgi ta hanyar ƙara ko rage wutar layi, domin ya fi DCC, tsarin dijital mai sarrafa kowane jirgi daban, araha nesa ba kusa ba. Kayan daga waje ake yin odarsu, saboda haka ka lissafa kuɗin dako tun kafin ka biya.

Sauran duk na gida ne. Kwalin magani ya isa ginin tasha, yashin da aka tankaɗe da rariya shi ne tsakuwar ƙarƙashin layi, garin katako da aka rina kore ya zama ciyawa, busassun tsiron sabara kuma itatuwa. Ka shafe katakon da fenti ciki da baya saboda gara, ka kuma ɗinka masa murfin leda, domin ƙurar hunturu ta kwana biyu ta isa ta tsayar da jirgin N cak a tsakiyar layi.