Razana daban, tsoro daban: amsata kan finafinan ban tsoro

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya a cikin finafinan ban tsoro wanne ya fi kyau, wanne ya fi ban tsoro, kuma wanne aka zuzuta fiye da ƙima. Zan amsa maka gwargwadon abin da idona ya gani, domin na fara kallon irinsu tun ina yaro a gidajen kallo na garin Jega, lokacin da ake biyan kuɗi a bakin ƙofa a zauna kan benci, janareto na ruri a bayan zana, kuma har yau da na manyanta ban daina bibiyarsu ba.

Ma'aunina guda ne. Akwai fim ɗin da zai razana ka, wato a yi tsit sannan a buga ƙara wata fuska ta faɗo gabanka, gabanka ya faɗi, bayan minti ɗaya ka manta. Akwai kuma wanda zai biyo ka har gida, ya zauna maka a rai kwana da kwanaki, ka ga wani lungu na gidanku da ka saba da shi ya sauya maka kama. Na biyun nake kira ban tsoro. The Evil Dead na 1981, wanda Sam Raimi ya shirya, shi ne ya fara razana yawancin sa'o'ina, amma da na sake kallonsa da girmana sai na tarar kwalliyar fuska ce da jini da ihu, ko da yake ina jinjina wa matasan da suka yi shi da ɗan kuɗi kaɗan.

Da wannan ma'auni, wanda na ga an fi zuzutawa shi ne The Nun na 2018. Ya tara fiye da dala miliyan 300 a sinimomin duniya, amma tun kafin a kai rabinsa mai kallo ya haddace dabarar: duk sanda kiɗa ya ɗauke, to ga dodon nan tafe daga baya. Jerin finafinan Saw da aka fara a 2004 kuwa ƙyama suke sa ni, kuma yankan naman mutum bai taɓa hana ni barci ba, abinci kawai yake hana ni ci.

The Exorcist na 1973 sai na yi masa adalci. William Friedkin ya yi aiki na ƙwarai, kuma shi ne fim ɗin ban tsoro na farko da ya shiga takarar gwarzon fim a kyautar Oscar. Sai dai laƙabin da ake ba shi na wanda ya fi kowane fim ban tsoro, hukunci ne na mutanen Amurka na wancan zamani, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin mai taɓin aljanu ba. Wanda ya taɓa riƙe ƙafar 'yar'uwarsa ana yi mata ruƙiyya a tsakar gida, ya ji muryarta ta sauya, abin da zai gani a fim ɗin ba zai zo masa a baƙo ba. Ni tausayin uwar yarinyar da aljani ya shiga a fim ɗin, da take yawo da ita daga wannan likita zuwa wancan ba tare da an gano komai ba, shi ya fi kama ni.

Fim na farko da ya biyo ni gida shi ne Ringu na ƙasar Japan, wanda Hideo Nakata ya fitar a 1998, Amurkawa kuma suka sake yin nasu a 2002. Labarin kaset ne wanda duk ya kalla zai mutu bayan kwana 7, da wata yarinya da aka jefa cikin rijiya. Kusan babu jini a cikinsa. Amma gidanmu akwai rijiya a tsakar gida, kuma ni ke jan ruwan alwala da asuba. Washegarin ranar da na kalle shi na ɗaga marfin, na zura guga, ina jin igiya na zamewa a hannuna cikin duhu, sai na kasa leƙawa ciki. Da gugan ya yi nauyi kuwa, zuciyata ta raya mini cewa ba ruwa kaɗai nake jawowa ba. Na fi mako biyu ina jiran gari ya waye sarai kafin in matsa kusa da ita.

Duk da haka, wanda ya fi ba ni tsoro a rayuwata fim ne na Turkiyya, cikin jerin Dabbe na Hasan Karacadağ, wanda ya fito a 2013. Wata likita ce da ba ta yarda da sha'anin aljanu ba ta bi wani malami da kyamara zuwa ƙauye, wurin ƙawarta da abin ya sama a daren lallenta. Dubi yadda komai nasa yake kusa da mu: amarya, lalle, sammu da aka binne, layu, ƙiyayya tsakanin dangi, ga ayoyin da kai ma ka haddace ana karantawa. Aljanu kuma gaskiya ne a wurinmu, Alƙur'ani ya ambace su har da sura guda, don haka babu ƙofar da za ka fita ta cewa ai ƙarya ce kawai. Ina jan hankalinka a nan cewa fim ɗin ya cakuɗa addini da camfi da ƙirƙirar marubuci, kada a ɗauke shi makaranta, kuma kada a kunna shi gaban yara. Na ga yaron da ya koma fitsarin kwance saboda yayyensa sun kalli irin wannan a waya yana gefensu.

Wanda ya fi kyau a ganina kuwa Tumbbad ne, fim ɗin Indiya na 2018 wanda Rahi Anil Barve ya ba da umarni. Mu da muka tashi da finafinan 'yan gidan Ramsay, masu shirya finafinan ban tsoro a Indiya, irin su Purana Mandir na 1984, inda dodo zai kashe mutum sannan a tashi a yi rawa da waƙa, ba mu zaci Indiya za ta yi irinsa ba. Labarin wani mutum ne, Vinayak, wanda ya gano taskar zinariya a ƙarƙashin wani tsohon gida a ƙauyen da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Yakan sauka rami da igiya, ya zagaye kansa da garin alkama don kariya, ya jefa wa halittar da ke ciki 'yar tsana ta ƙullu, tana cikin ci da yunwa shi kuma ya wawuri tsabar zinariya ya haye. Kullum yana tsira da ƙyar, kullum kuma yana komawa, har ya kai ga koya wa ɗansa ƙarami wannan sana'a. Labarin ya ginu kan abin bautar da ba mu yarda da shi ba, amma kwaɗayin da ke cikinsa mun san shi sarai, domin mun ga yadda ramukan haƙar zinariya a Zamfara da wajen Yauri suke rufta wa mutane, gobe kuma wasu su sake shiga. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda uban ya lura idon yaron ya fi nasa buɗewa a kan dukiya.

Idan za ka nemi Ringu ko Tumbbad, ka nemi mai fassara a rubuce a ƙasan allo. Ina jin daɗin fassarar baki ta Hausa a finafinan faɗa da na soyayya, amma masu yinta sukan cike duk inda aka yi shiru da surutu da barkwanci, alhali a waɗannan biyun wuraren shirun ne masu shirin suka fi wahala a kansu. Ka kalla da daddare, ka sa abin ji a kunne, domin ƙarar ruwan sama da ta igiya a Tumbbad ba ta fita sosai a lasifikar waya.