Dalilin da ya sa na hana ka sare gawon nan

Ɗana, jiya muna sassabe ka ɗaga gatari za ka sare ɗan gawon nan na tsakiyar gona, na riƙe maka hannu. Ka ce mini, "Baba, ai inuwa cinye yabanya take yi, me ya sa muke barin itatuwa a gona?" Rana ta yi zafi ban ba ka amsa ba, yanzu ka zauna ka ji.

Rabin maganarka gaskiya ce. Akwai itacen da ban yarda ya kwana a tsakiyar gona ba. Darbejiya inuwarta duhu ce, saiwoyinta kuma suna bazuwa kusa da saman ƙasa, daidai inda gero yake neman ruwa. Itacen turare ya fi ta shan ruwa. Irin waɗannan bakin iyaka ne wurinsu. Ko kaɗanya da ɗorawa, hatsin da ke ƙarƙashinsu yakan ragu, ana haƙuri da su ne saboda abin da suke bayarwa da kansu.

Gawo kuwa halinsa dabam ne, kuma shi nake so ka fahimta sosai. Sauran itatuwa da damina suke cika da ganye. Shi da ruwa ya sauka sai ya kakkaɓe nasa ya tsaya tsirara, rana ta riƙa isa ga shuka har kaka. Ganyen da ya zubar kuma daidai lokacin da yabanya take neman abinci yake ruɓewa. Da rani, lokacin da babu komai a gona, sai ya sake yin kore, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar maka kashi da fitsari a gindinsa ba tare da ka ɗauko ko kwando ɗaya na taki ba. Ga shi dangin wake ne: a saiwarsa akwai ƙananan ƙulle-ƙulle masu ɗauke da ƙwayoyin halitta da ke kamo naitrojin daga iska, wato abin da kake saye a buhun takin zamani. Babbar saiwarsa kuma can ƙasa take nitsewa, ta ɗebo abincin da ruwa ya wanke ya kai inda saiwar hatsi ba ta isa, ta mayar da shi sama ta hanyar ganye.

Gobe ka sa hannu ka tona ƙasar gindin babban gawon can, sannan ka yi taku talatin ka tona ta fili. Ta gindin za ka same ta baƙa, mai laushi, tana riƙe danshi. Gara tana jan busasshen ganye ciki, ramukanta su zama hanyar da ruwan sama zai nitse maimakon ya gudu da ƙasar. Ta fili kuwa fara ce, tana zubewa ta tsakanin yatsu. Da kaka ka gwada zangarniyar wuraren biyu da idonka.

Kada ka raina sabara da kalgo don gajeru ne. Su ne ke karya ƙarfin iskar farkon damina mai binne ƙaramar shuka da yashi. Masu bincike a Senegal ma sun gano cewa da dare saiwar sabara tana jawo ruwa daga can ƙasa ta sake shi a sama, geron da ke kusa ya sha.

Kuma galibi ba sai ka dasa ba. Kututturen da muke sarewa duk shekara da ransu, saiwarsu ta riga ta kafu. Wannan ne wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura da shi a yankin Maraɗi na Nijar a 1983, manoma suka kama abin suna kiransa sassaben zamani. An ƙiyasta cewa a Nijar hekta miliyan 5 ta farfaɗo, da itatuwa kusan miliyan 200. A Zambiya kuwa dasa gawon ake yi a gonakin masara, mita 10 tsakanin wannan da wancan, itace 100 a hekta.

Abin da ke kayar da mutane biyu ne. Na farko gaggawa: gawo sai ya yi shekaru kafin ka ga bambanci a damin da kake ɗaurewa, mai son sakamako a damina ɗaya zai sare shi. Na biyu sakaci: itacen da aka bari ba a rage masa rassa ba, daji zai mayar maka da gona.

Saboda haka gobe bar gatari a gida, ka wasa adda. Duk kututturen da ka tarar ya yi toho, zaɓi tsiro 3 zuwa 5 mafi ƙarfi da miƙewa ka bari, ka cire sauran. Ka riƙa sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage, ka rage rassan ƙasa har rabin tsayinsa. Ganyen da ka yanko kada ka ƙone, shimfiɗa shi a nan inda ya faɗi.