Gizo-gizon da na kashe ne ya ɓata ƙafar ɗana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Ni uwa ce daga wani ƙauye kusa da Sinnar a Sudan. A karif (damina) ɗin nan na ga wani ƙaton gizo-gizo ruwan ƙasa a ƙarƙashin angarib (gadon igiya) ɗin yarona, na buga masa takalmi sai ya fashe, ƙanana suka watsu ko'ina kamar an zubar da riɗi. Bayan 'yan kwanaki ƙafar yaron ta kumbura, yanzu wata biyu kenan ya zama miki yana ruwa. Surukata tace tautau ne yayi masa fitsari, wanzami yayi tsaga sau biyu ya kafa ƙaho amma ba sauƙi. Dan Allah dafin ne yake cin naman? Wallahi ko barci bana iya yi.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Ki kwantar da hankalinki ta ɓangaren gizo-gizo, amma ta ɓangaren mikin kam kar ki kwantar.

Abinda kika kashe ba fashewa yayi ba. Mace ce mai goyo, daga dangin da muke kira Lycosidae, sunan ya fito ne daga kalmar Girkanci mai nufin kyarkeci saboda yawancinsu basa saƙar yana su zauna jira, farauta suke a ƙasa da gudu. Macen tana ɗaure jakar ƙwanta a ƙarshen cikinta tana yawo da ita, in suka ƙyanƙyashe sai su haye bayanta ta goya su na wasu kwanaki. Goyon nan shi ya tona min asirinta ko ban ga hoto ba. Idonsu takwas a jere uku, huɗu ƙanana a ƙasa, biyu manya a tsakiya, biyu a sama, in kika haska tocila bakin tur'a (magudanar ban-ruwa) da dare zaki ga ƙasa tana ƙyalli kamar an watsa fasasshen gilashi, to idanunsu ne.

Wani masani ɗan Sweden, Sundevall, ne ya raɗa wa dangin suna a 1833, yau an san sama da iri 2,400. A yankinmu akwai Pardosa da Wadicosa masu son laka da gefen ruwa, Evippa masu dogayen ƙafafu a rairayi, Hippasa da ta saɓa wa 'yan'uwanta take saƙar yana mai kama da mazurari cikin ciyawa, sai manya irin Hogna, inaga taki ma ita ce. Nace inaga, domin rabe-raben na Afirka har yau a cakuɗe yake, wani Bajamushe Roewer ya zuba sunaye rututu a 1959 da 1960 daga gawarwakin da ke ajiye a kwalabe, har yanzu masana na fama da gyaran aikinsa, kuma ba a tantance iri sai an sa al'aurarsa ƙarƙashin madubin likita.

To yanzu maganar da ta ishe ni. Kusan kullum sai an turo min hoton gyambo ana cewa gizo-gizo ne. Waye ya ga lokacin cizon? Babu. An ga gizo-gizo ranar Talata, an ga ƙurji ranar Juma'a, shikenan an yanke hukunci. Wannan dangin suna da dafi, eh, na kashe fara da gyare, in ya ciji mutum sai an matse shi, kuma abinda ke biyo baya zafi ne da ɗan ja da kumburi na yini ɗaya ko biyu. Baya cin nama. Ba mu kaɗai muka yi wannan kuskuren ba ma, a Barazil an daɗe ana ɗora musu laifin ruɓewar fata har maganin dafinsu aka riƙa haɗawa, daga baya aka gane wani gizo-gizo ne daban mai suna Loxosceles, kuma binciken da aka buga a 1990 kan mutum 515 da 'yan dangin Lycosidae suka ciza bai samu irin wannan ruɓewar ba. A Italiya kuwa da can rawa ake ta yi wai don a fitar da dafin wani ɗan dangin nan mai suna Lycosa tarantula. Su rawa suka yi, mu aska muke sawa.

Fitsarin tautau kuma babu shi 'yar'uwa, ki faɗa wa Hajiya cikin ladabi. Kashin gizo-gizo ɗan ɗigon fari ne da baya ƙona kowa. Ƙuna mai layi-layi da mutum ke tashi da ita a damina yawanci wani ɗan siririn ƙwaro ne baƙi da ruwan lemo mai bin hasken fitila, Paederus, in aka murje shi a fata ruwansa ne ke toyawa.

Abinda ke bani haushi da masu tsaga shine basu taɓa cewa basu sani ba. Askar da aka yi wa mutum goma aiki da ita, a yanka wurin da dama yake ruɓa, a zuba toka ko man batir, a karɓi kuɗi, in abu ya lalace ace ai dafin ne yayi ƙarfi. Dafin da ba a taɓa zubawa ba! Alhali miki mai wata biyu a ƙafar yaro a ƙasar Sinnar da Jazira yana iya zama maruru da ƙwayoyin cuta suka shiga, ko leshmaniya ta cizon ɗan ƙudan rairayi, ko kuma wanda nafi tsoro, madura, wadda a nan ake cewa nabit, tana shiga ta sukar ƙaya, tana kumbura a hankali ba zafi sosai har ta kai ƙashi, kuma jinkiri ne ke kai mutane ga yanke ƙafa. Ni ba zan iya tantancewa daga nan ba, wanzami ma haka.

Na san halin da hanyoyi da asibitoci suke ciki tun da yaƙi ya ɓarke a 2023, ban raina wahalar ba. Amma ki kai shi mustashfa (asibiti) mafi kusa a satin nan, ki faɗa musu an yi tsaga sau biyu don su duba maganar allurar tetanus, ki kuma lura ko ruwan mikin yana fitowa da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe ko farare kamar tsaba, in akwai ki gaya wa likita. Kafin nan ruwa mai tsafta da sabulu kawai, a rufe da ƙyalle mai tsafta. In zazzaɓi ya shigo ko jan ya fara hawa sama, ranar za ku tafi ba jira.

Takalman yara kuma a riƙa kakkaɓewa da safe, ba don gizo-gizo ba, don kunama.