An rufe kasuwa saboda korona, dole ne in biya hayar shago?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, hayar shekara-shekara nake biya. Tun da aka kulle Kano a watan Afrilun 2020 sai ranakun da aka ɗan saki gari muke leƙa kasuwa, ga haya ta ƙare, mai ginin ya ce ko in cika masa kuɗinsa ko ya sa wa shagon kwaɗo. Kuɗin ɗaukar lauya kuma babu. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Maganar da ba za ta yi maka daɗi ba ita zan fara faɗa, a dokar boko kulle gari bai sauke maka haya kai tsaye ba. Sai dai in takardar yarjejeniyarku tana da sharaɗin da ya ce in wani abu da ya fi ƙarfin kowa ya faru, annoba ko umarnin gwamnati, to za a ɗage biya ko a rage, kuma gaskiya yawancin ƴan kasuwarmu rasit kawai ke hannunsu, wasu ma da baki aka yi magana a gaban dillali shike nan. Duba takardarka tukuna.

Amma shi ma mai ginin ba shi da ikon sa kwaɗo. Ɗan hayar shekara, in babu wata yarjejeniya daban, notis na wata 6 ake ba shi, bayan ya cika a ƙara na kwana 7, in ma wa'adin hayar ne ya ƙare da kansa to na kwana 7 ɗin nan ba ya faɗuwa, sannan a je kotu, kotu ce ke fitar da mutum ba mai gini ba. In ya kulle maka kaya da ƙarfin tsiya kai ne ma za ka nemi diyya. Haka in ya kawo ƴan sanda, kotuna sun sha faɗa cewa karɓo bashi ba aikinsu ba ne.

In ku biyun Musulmi ne akwai wata ƙofa da mutane ba su cika sani ba. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Kano ke aiki da shi, littafin Muhtasar na Khalil ya lissafa umarnin mai mulki na rufe shaguna cikin abubuwan da ke warware haya, tunda amfanin wuri ka biya kuma an hana ka amfanin. Wannan hujja ce mai ƙarfi ta neman a cire kwanakin da kasuwa take garƙame, ban ce shekarar gaba ɗaya ba fa.

Batun lauya kuwa, Hukumar Legal Aid, mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta, tana da ofis a Kano amma dokarta ta 2011 ta fi kallon wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, naira 30,000 ke nan a 2020, kuma ta fi ƙarfi a shari'ar laifi, da wuya mai shago a Kwari ya shiga. Ni shawarata ka fara da ƙungiyar ƴan kasuwarku, shugabannin layi sun san mai ginin sun san ka kuma yana jin kunyarsu. In bai yi ba sai cibiyar sulhu da ke ƙarƙashin babbar kotun jiha, ba sai da lauya ba, abin da aka amince a can alƙali yana sa hannu ya zama kamar hukunci. Ka tuna a ƙarshen Maris na 2020 an dakatar da zaman kotuna in ban da na gaggawa, shari'o'i suka taru jingim, wanda ya shigar da ƙara a lokacin sai ya sha jira, shi ma mai ginin ya san haka.

Kafin ka je ka haɗa rasitanka, ka adana saƙonnin WhatsApp da ya turo maka musamman na barazanar kwaɗon, ka ɗauki hoton kayan da ke shago. Ka je da tayi a hannu, misali rabi yanzu, sauran a biya sau uku zuwa ƙarshen shekara, kuma duk abin da aka tsayar a rubuta, shaidu biyu su sa hannu. Kuɗin kuma ta banki za ka tura.