Tambaya da Amsa: Ina Ake Samun Sabon Akwatin Tsohuwar Kwamfuta?

Tambaya: Malam, na gaji kwamfuta ƙirar Commodore 64C daga mahaifinmu, wanda ya zo da ita daga Faransa. Har yanzu tana kamawa, amma robar akwatinta ta yi rawaya, kuma wuraren da sukurori ke shiga sun farfashe. Shin ana ƙera sabon akwati, ko in kai ta kasuwar Katako a yi mata na katako? Daga wani mai karatu a Yantala, Yamai.

Amsa: Malam, ka yi sa'a, domin taka tana cikin ƴan ƙalilan da ake yi wa sabon akwati. An fitar da 64C a 1986, kuma da robar ABS aka yi akwatinta, wadda hasken rana da zafi ke sauya wa launi, tsufa kuma ya sa ta yi gautsi.

Abin da ke hana ƙera irin waɗannan akwatuna shi ne tsadar mazubi. Narkakkiyar roba ake ɗurawa da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, kuma sassaƙa shi yana cin kuɗin da ba ya dawowa sai an sayar da akwatuna masu yawa. A 2014 wani Ba'amurke, Dallas Moore, ya ci karo da ainihin mazuban 64C a wurin gwanjo a Texas, ya tara kuɗi ta Kickstarter, shafin intanet na tara kuɗi daga jama'a, a 2015, aka sake zuba akwatuna da su. Daga baya mazuban suka koma hannun kamfanin Individual Computers na Jamus, don haka ta intanet za ka yi oda, ka kuma lissafa kuɗin aikowa da na duwan.

Idan wani ya ce zai buga maka akwatin da na'urar 3D, mai ƙera kaya da roba, ka tambaye shi irin robar. PLA tana fara laushi a wajen digiri 60, zafin da cikin mota a rufe kan kai a Yamai cikin watan Afrilu, alhali PETG tana jurewa har kusan 80.

Kafintan Katako zai iya, amma katako yana riƙe zafi, sai an huda masa kafofin iska. A ganina, tunda wuraren sukurori kaɗai suka fashe, ka fara liƙe su da gam mai haɗi biyu, ka bar shi ya kwana, sannan ka ɗaure sukurorin a hankali da hannu. Ko ka sayi sabo, ka adana tsohon, domin lambar kwamfutar tana manne a ƙasansa.